Baba ya ce girki zan je koyo a jami'a

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 20, a Anguwar Rogo nake a nan Jos. Sau uku ina zana JAMB ina neman karatun jinya, Allah bai nufa ba. Bana wata jami'ar tarayya ta ba ni gurbi, amma a sashen kimiyyar gida, inda aka ce in an yi nisa mutum zai iya karkata ga ci gaban yara da nazarin iyali. Da na kai wa Baba takardar sai ya jujjuya ta ya ce, "Yanzu kuɗin da nake tarawa kwando-kwando a Farin Gada, girki za ki je ki koyo da su? Uwarki a wace jami'a ta koya?" Gwaggo kuma ta ce raino ba ya son digiri, ita tara ta haifa, ta aurar da bakwai. Ƙawayena da suka samu karatun lauya da na harhaɗa magunguna, in na faɗi sunan kwas ɗina sai su yi shiru. Ni kuwa da na karanta jerin darussan sai na ji ina so. Ina da ƙane ɗan shekara 6 da bai fara magana ba sai da ya kusa huɗu. Ni na goye shi, ni na fara lura cewa sai yana kallon bakin mutum yake gane abin da aka ce, amma a gida aka ce nauyin baki ne, gado ne. Har yau ana dukansa a makaranta wai ba ya ji. Saura mako uku a rufe rajista. In karɓa, ko in zauna in sake JAMB karo na huɗu? In kuma na gama, aikin me zan yi?

'Yarki daga Anguwar Rogo

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka.

Tunda kwanaki sun ƙure ba zan ja ki da nisa ba: ki karɓi gurbin nan. Amma ki bi ni a hankali har ƙarshe, domin akwai shirin da za ki yi tun kafin ki ɗaure kaya, akwai kuma abu ɗaya da in kika same shi a ranki, ni da kaina zan ce ki haƙura da kwas ɗin.

Kada ki ji haushin Baba. Mutumin da ke fita da asuba cikin sanyin Jos, hazo ya rufe hanya, ya tsaya ana sauke kwandunan tumatir da buhunan kabeji, ya san nauyin kowace naira, kuma yana da haƙƙin ya tambayi abin da guminsa zai saya. Sunan ne ya yi wa kwas ɗin illa, don duk wanda ya ji an ce "gida" sai tukunya da tsintsiya su faɗo masa a rai. Kada kuma ki ɓoye masa gaskiya. Akwai ɗakin gwajin abinci, akwai ɗinki da sanin yadi, akwai tsara kuɗin cefane. Tare da su za ki sha kimiyyar sinadarai da ta halittu, ki san yadda jiki ke sarrafa abin da aka ci, ki yi lissafin ƙididdiga, ki karanci halayyar ɗan Adam tun yana ciki har tsufa. Ana koyar da fannin a Nsukka da Ile-Ife da Abeokuta da Makurɗi da Zariya, kowace jami'a da sunan da ta ba shi da tsangayar da ta ajiye shi, wasu a ƙarƙashin aikin gona, wasu a ƙarƙashin ilimi.

Ko a Amurka, inda fannin ya yi ƙarfi, daga nan ya taso. Kwalejin tattalin gida ta Jami'ar Cornell sai a 1969 ta sauya suna, da aka ga aikinta ya wuce abin da sunan ke nunawa. A can wani malami mai suna Urie Bronfenbrenner ya koyar, kuma za ki haɗu da sunansa tun a darussan farko. Abin da ya faɗa kuwa kin riga kin san shi da idonki. Ya ce yaro yana girma ne cikin da'irori, ƙarama cikin babba, kamar jeren kwanukan amarya. Ta ciki ita ce waɗanda yake hulɗa da su kullum: uwa da yayar da ke goyo da gidan gaba ɗaya da Islamiyya da makarantar boko. Sai alaƙar da ke tsakanin waɗannan. Sai wuraren da yaron bai taɓa takawa ba amma suna taɓa shi, kamar kasuwar ubansa. Sai garin da zamanin. Mu mutanen Jos ba sai an yi mana dogon bayani ba. In aka sa dokar hana fita, kaya suka ruɓe a Farin Gada, maigida ya dawo rai a ɓace, a daren yaro zai sha tsawar da bai san dalilinta ba. Yaran da suka ga rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, suka ga unguwanni sun rabu, yau su ne iyaye, kuma wasunsu da abin da suka gani suke raino, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya tambaye su.

Gwaggo ma tana da gaskiyarta. Matar da ta raini tara ta san abin da ba ya cikin littafi, kuma in kina da wayo za ki riƙa zama kusa da ita da biro a lokacin hutu. Sai dai ita tara ta sani, karatun kuma ya tattaro abin da aka gani a kan dubbai. Bari in ba ki misali ɗaya da nake so ƙwarai. A 1986 da 1987, a birnin Kingston na ƙasar Jamaika, an ɗauki yara 'yan ƙasa da shekara biyu waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar. Wasu daga cikinsu aka sa ma'aikatan lafiya na unguwa suna zuwa gidajensu sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta yabe shi, da kayan wasan da aka haɗa da tarkacen gida. Bayan shekara 20 aka bi sawunsu, aka tarar abin da suke samu a sana'a ya fi na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da wajen kashi 25 cikin 100. Wasa da hira kawai, 'yata. Yanzu ki tuna yawan gidajenmu da ake cewa jariri bai san komai ba, me za a ce masa. Ki tuna kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar shekara biyu, lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin ginuwa, da yadda muke cika su da ruwa da jiƙe-jiƙe tun kafin jariri ya kai wata shidan da ya kamata a ce nono zalla yake sha.

Akwai kuma abin da ke ci mini rai. Yawancin littattafan da za a ba ki an rubuta su ne a kan gidan miji ɗaya, mata ɗaya, 'ya'ya biyu. Ba su san gidan mata uku da 'ya'ya ashirin ba. Ba su san alkunyar ɗan fari ba, inda uwa ba ta kiran sunan ɗanta, kaka ce ke jansa a jiki. Ba su san yadda muke yaye ba, a ɗauke yaro rana ɗaya a kai shi gidan kaka. Ba su san 'yar riƙo da agola da 'yan uba ba, ba su san yaji da biko ba. A cikin waɗannan akwai masu kyau da suka riƙe mu tun kaka da kakanni: yaronmu ba ya rasa bayan da zai hau, in uwa ta kwanta ciwo akwai hannu goma. Akwai kuma masu cutarwa da muke rufewa da sunan al'ada. Baƙo ba zai iya tantance su ba, sai 'yar gida da ta yi karatu, wadda za ta shiga ɗakin mata ta zauna a tabarma a yi mata magana ba tare da tafinta ba.

Na yi shekaru a ofishin walwalar jama'a kafin in yi ritaya, kuma akwai ranar da ba na mantawa. An kawo mana rigimar riƙon wata yarinya 'yar shekara huɗu bayan saki. Uban ya ɗauke ta ya kai wa mahaifiyarsa. Kakar ta zo da ita tana faɗa, wai yarinyar ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da dainawa, ta daina magana, in an ba ta tuwo sai ta dunƙule shi a hannu ta ƙi ci. Ta ce uwar ce ta yi mata asiri don a mayar mata da ita. Yarinyar tana tsaye jikin bango, ta cusa gefen hijabinta a baki tana tauna. Abokiyar aikina, wadda ta karanci ci gaban yara, ba ta yi musu da tsohuwar ba. Ta sa aka kawo mata kujera da ruwa, ta ce, "Hajiya, yaushe abin ya fara?" Aka ƙirga, ya zo daidai da daren da aka raba ta da uwar. Sai ta yi bayani da tattausan harshe, cewa ƙaramin yaro in aka cire shi farat ɗaya daga wanda ya shaƙu da shi yakan koma baya, ya yi abin da ya riga ya wuce, don ba shi da bakin da zai ce yana kewa. Ta kuma tuna wa uban abin da malamansa ma za su gaya masa, cewa a mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancantar riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakinta, muddin uwar ba ta yi wani auren ba. Aka shirya yarinyar ta koma wajen uwarta, uban yana ciyarwa, tana zuwa wa kakar yini ranar Juma'a. Da suka dawo bayan wata biyu, ita ce ta fara gaishe mu. Wannan shi ne aikin. Ba a yi allura ba, ba a rubuta magani ba, amma sai wanda ya sani ne zai yi waccan tambayar.

To, batun abin da za ki ci. A nan ba zan shafa miki zuma a baki ba. Da wuya ki ga tallar aiki da aka rubuta sunan kwas ɗinki a kai. Nas tana fitowa da lasisinta, kowa ya san inda za ta nufa. Ke kuwa digirin zai ba ki ilimi mai faɗi, ke za ki ɗora masa abin da zai sa a neme ki. Wadda ta shiga don an tura ta, ta yi shekarunta tana jin kunyar faɗin sunan sashenta, ta fito da sakamako mai rauni, ita ce za ta zauna a gida maganar Baba ta tabbata.

Ƙofa mafi kusa ita ce koyarwa. In digirinki ba na tsangayar ilimi ba ne, ki ƙara difilomar koyarwa ta bayan digiri, ki yi rajista da hukumar malamai ta TRCN. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗa da kula da ƙananan yara kafin firamare, kuma waɗanda suka san wannan matakin da gaske ba su da yawa. Albashin makarantu masu zaman kansu dai sai haƙuri. Na san da yawa da ba sa biyan ko naira 70,000 da aka tsayar a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi. Amma ki ɗauki shekara biyu ko uku na farko a matsayin koyon sana'a. Matan da na ga sun tsaya da ƙafarsu a fannin nan, da yawansu nasu suka buɗe: ɗaki biyu, tabarmi masu tsabta, yara goma sha biyar na ma'aikatan da ke fita tun safe. A Abuja, inda uwa da uba duk suke aiki kuma babu kaka a kusa, wurin raino mai amana ba ya rasa masu nema, iyaye Musulmi kuma suna cigiyar wadda za ta haɗa musu tarbiyya da sanin aiki.

Sai aikin walwala: ma'aikatar mata da ci gaban jama'a ta jiha, gidajen marayu, gidajen gyaran tarbiyyar yara, sashen walwalar marasa lafiya a manyan asibitoci irin asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta tanadi kotunan iyali, waɗanda ke buƙatar masu binciken halin da yaro yake ciki. Hukumar hana fataucin mutane ta NAPTIP, wadda ita ke aiwatar da dokar hana cin zarafi ta 2015 a Abuja, tana da gidajen da take ajiye waɗanda aka ceto, kuma suna buƙatar masu ba da shawara. Guraben gwamnati ba sa samuwa da sauƙi, wannan kin sani. Ki kuma lura cewa a 2022 an sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta tsara aikin walwalar jama'a, don haka in nan zuciyarki ta karkata, ki sa ran ƙara digiri na biyu a wannan fannin domin ki samu rajista. Ƙungiyoyin agaji irin UNICEF da Save the Children da ƙananan da ke aiki tare da su sun fi biya, suna kuma son mai jin Hausa da ta iya rubuta rahoto da Turanci, ta iya kwamfuta da ƙididdiga. Amma aikinsu na kwantiragi ne. Da Amurka ta janye yawancin tallafinta a 2025, mutane da dama sun wayi gari babu aiki. Ki shiga in kin samu, kada dai ki jingina rayuwarki kacokan a kansu.

Digirin nan ba zai mai da ke likitar ƙwaƙwalwa ba, ba zai ba ki izinin tsara wa marasa lafiya abinci a asibiti ba, waɗannan kowanne da karatunsa da rajistarsa. Wani ɓangare na ƙwarewarki shi ne ki san inda iyakarki take, ki tura mutum wurin da ya dace.

Yanzu ga abin da na ce zai sa in canza magana. Ki zauna ke kaɗai bayan sallar dare, ki yi istihara, ki tambayi kanki me kike so a aikin jinya. In aikin kansa ne, wankin ciwo da karɓar haihuwa da kwanan asibiti, har kina jin ba za ki taɓa samun natsuwa a wani wuri ba, to kada ki shiga kimiyyar gida da niyyar za ki sauya sheƙa a aji biyu. Majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma tana ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, shi ya sa sauyin yake da wuya ƙwarai, na kuma ga yara sun ɓata shekaru suna jiran sa. Gara ki nemi kwalejin jinya kai tsaye, ga ta Vom nan kusa da ke. In kuwa abin da ke jan ki farar riga ce da tabbacin albashi da girman da za a ba ki a unguwa, babu laifi a son waɗannan, amma ba su kai ki ƙara shekara ta huɗu a zaune ba, alhali ga abin da ke da bakinki kika ce kin ji kina so. A wasiƙarki jimla ɗaya kika yi wa jinya, ƙanenki kuwa kin ba shi uku.

Wajen Baba, kada ki tunkare shi da gardama, kada kuma ki yi maganar a gaban Gwaggo. Ki fara samun Mama. Ki bugo jerin darussan daga aji ɗaya har na ƙarshe, ki tabbatar hukumar jami'o'i ta NUC ta amince da kwas ɗin a wannan jami'ar, ki kira sashen ki tambayi shekara nawa ne da kuma inda ɗalibansu ke zuwa koyon aiki. Sannan ki nemi wanda Baba ke jin nauyinsa, kawunki ko limamin masallacinsu, ki yi masa bayani ya fahimta, shi ya je ya same shi bayan isha'i in ya ci abinci ya huta. Ɗan kasuwa lissafi yake so, to a kai masa lissafi: ga kuɗin makaranta, ga na masauki, ga ƙofofin aiki, ga abin da za a ƙara bayan bautar ƙasa. A gaya masa akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da aka buɗe a 2024 don 'yan makarantun gwamnati, babu ruwa a kansa, kuma sai bayan bautar ƙasa da shekara biyu ake fara biya. In akwai wata 'yar unguwa da ke aikin walwala ko take da makarantarta, a ambace ta, ganin ido ya fi masa dogon bayani. In ya amince, ki durƙusa ki yi godiya, ki riƙa kawo masa sakamakonki kowane zango ko bai tambaya ba. A kowane dogon hutu kuma ki nemi inda za ki yi aikin sa-kai, gidan marayu ko ajin yara ko asibitin unguwa ranar awo, ki karɓi takardar shaida. Su za su cika takardar neman aikinki ranar da 'yan ajinku ba su da abin rubutawa.

Saura ƙanenki, kuma wannan ba zai jira digirinki ba. Mu Hausawa kalma ɗaya muke yi wa yaro mai taurin kai da yaron da kunnensa ke da matsala, duka "ba ya ji" muke cewa, kuma yara da yawa sun sha bulala a kan wannan. Yaro yakan fara gwaranci kafin ya shekara, ya faɗi kalmar farko wajen shekara ɗaya, ya haɗa kalma biyu wajen shekara biyu. Wanda ya kusa huɗu bai yi magana ba, kuma yana bin leɓen mai magana da ido, abu na farko da za a duba shi ne jinsa. Ban ce kurma ne ba, ban gan shi ba, wani lokacin ruwa ne ya taru a bayan dodon kunne ko tsohon ciwon da ba a kula da shi ba. Ki tambayi Mama ko ya taɓa yin sanƙarau, ko ƙyanda mai tsanani, ko kunnensa ya taɓa zubar da mugunya. Ku kai shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Lamingo, ku ce gwajin ji kuke so a yi masa. Jami'ar Jos kuma tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, za su iya nuna muku yadda za a taimaka masa da karatu. Kafin nan ki je makarantarsu da kanki, ki gaida malaminsa da ladabi, ki roƙe shi ya dawo da shi layin gaba, ya riƙa fuskantarsa in zai yi magana, a kuma ajiye bulalar har sakamako ya fito. Ki yi wannan a makon nan, kafin ki tafi rajista, ki kuma rubuto mini abin da likita ya ce.